Injin niƙan Dogue Run: kundin aikina

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024

Kwana uku da Sallah. Yau na koma bakin rafin Dogue Run a karo na biyu, wannan karon da littafin rubutu da awo a aljihu. Bara na fara zuwa da yara don yawon buɗe ido kawai, na dawo gida abin bai bar zuciyata ba. Daga gidanmu a nan arewacin jihar Virginia ta Amurka tafiyar ba ta kai rabin awa a mota ba. Wurin yana da nisan kusan mil 3 daga Mount Vernon, babban gidan George Washington, shugaban Amurka na farko, gini ne na dutse mai hawa-hawa a gefen titi, in ba ka sani ba sai ka wuce shi.

Abu biyu na ɗaukar wa kaina. Zan rubuta tarihin wannan injin niƙa da Hausa, sannan zan ƙera ƙaramin samfurinsa da katako wanda ruwa zai juya, don yaran makarantarmu ta ƙarshen mako su gani da idonsu. Yawancinsu a nan aka haife su, ba su taɓa ganin dutsen niƙa ba, gari a wurinsu abu ne da ke zuwa cikin leda.

Ni kuwa ƙarar dutsen niƙa ce ke tashina da asuba tun ina ƙarami, a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, kafin a kawo injin mai shan gas. Inna na durƙushe, jikinta gaba da baya, gari na zuba a faifai. Shi ya sa da mai niƙan wurin ya buɗe ƙofar ruwa yau, na ji ginin duka ya ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafata, sai na tsaya cik. Wilin da ruwa ke juyawa yana cikin ginin ne, faɗinsa ƙafa 16, na katako. Ruwa na shigo masa ta kusa da sama, ya cika aljihunan da ke jikinsa, nauyin ruwan ya rinjaye shi ya juya. Daga gungumen tsakiyarsa ƙarfin ya bi ta wasu wilolin masu haƙoran itace, ya hau sama ya juya dutse. Babu wuta, babu mai, babu hayaƙi. Mu mun saba da jigo, muna wahalar ɗago ruwa daga ƙasa zuwa fadama. Su sun bar ruwa ya faɗo, suka karɓi ladan faɗuwarsa.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Makon nan karatu kawai na yi. Tambayar da na fara da ita: me ya sa manomin taba ya gina injin niƙa mai wannan girma?

Taba ce arzikin Virginia a lokacin, amma tana cinye ƙarfin ƙasa, ƙasar Mount Vernon kuma ba mai kyau ba ce tun asali. Bayan haka dole sai an tura ganyen Landan, dillali a can ya sayar a farashin da ya ga dama, ya sayo maka kaya, ya rubuta maka bashi. Washington ya daɗe da bashin kamfanin Robert Cary a wuyansa. Wajen 1766 ya daina noman taba a gandayensa na bakin kogin Potomac, ya koma alkama. Alkama kuma ba sai ta bi ta hannun dillalin Landan ba, kuma in ka niƙa ta da kanka ribar mai niƙa ma ta zama taka.

Akwai tsohon inji a gonar tun zamanin mahaifinsa Augustine, na shekarun 1730, amma ya tsufa kuma garinsa ba na fitarwa waje ba ne. A 1770 aka fara sabon gini, a 1771 ya fara aiki. Inda aka kafa shi ya burge ni: daidai wurin da rafin ya buɗe ya zama mai ɗaukar kwale-kwale. Sai a loda ganguna a bakin ƙofa, a tura su zuwa jiragen da ke jira a Potomac. Kowace ganga fam 196 na fulawa, kusan kilo 89, da tambarin sunansa a jiki. Daga nan sai tsibiran Karibiyan irin su Jamaika, da Ingila, da kudancin Turai. Maƙwabta kuma suna kawo hatsinsu a niƙa musu, mai inji ya ɗebi kashi 1 cikin 8 a matsayin lada. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, na san lokacin da ake biyan mai inji da gwangwanin hatsi in babu kuɗi a hannu.

Asabar, 4 ga Mayu

Na fara yanka katako a garejin Alhaji, dattijon da ke taimaka mini. Kafinta ne tun a gida kafin ya zo ƙasar nan. Mun tsayar da ma'auni mai sauƙi, inci 1 a madadin ƙafa 1, wato wilinmu zai zama inci 16. Ya dubi zanena ya ce, “Malam, wilin nan ba shi ne aikin ba. Ina ruwan zai fito, kuma daga wane tsayi?” Na ce fanfon akwatin kifi zan saya. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da goge katako.

Mun gama faifan gefe biyu. Saura aljihuna.

Lahadi, 19 ga Mayu

Maganar duwatsu, wadda na fi jin daɗinta zuwa yanzu.

Injin yana da duwatsu iri biyu, kowanne biyu-biyu, na ƙasa a kafe, na sama yana juyawa. Na alkama daga Faransa aka kawo su. Irin wannan dutse ana haƙo shi a yankin La Ferté-sous-Jouarre a kwarin kogin Marne, yana da tauri ƙwarai da ƙananan ramuka a jikinsa. Ba dunƙule ɗaya ba ne, gutsattsari ne ake jerawa a haɗe su da farar ƙasa a ɗaure da zoben ƙarfe. Amfaninsa shi ne yana ɓare ƙwayar alkama ba tare da ya murƙushe dusar ta zama gari ba, don haka in an tankaɗe sai fulawa ta fito fara sol. Na masara kuwa daga Jamus suke, baƙin dutsen aman wuta na tsaunukan Eifel, wanda ake kira da sunan birnin Cologne domin ta can ake fataucinsa. Na Faransa don kasuwa, na Jamus don cikin gida da maƙwabta.

Abin da ban sani ba sai da na tsaya na kalla da kyau: duwatsun biyu ba sa taɓa juna. Akwai tazara siririya a tsakaninsu, mai niƙa yana ɗagawa ko saukewa gwargwadon laushin da yake so. An sassaƙa kwari-kwari a fuskar kowane dutse daga tsakiya zuwa baki, su ne ke yanka ƙwaya kamar almakashi, su tura gari waje, su kuma bar iska ta shiga don kada ya yi zafi. In hatsi ya ƙare duwatsu suka haɗu, fuskarsu ta lalace, tartsatsi kuma cikin ƙurar gari gobara ce. Mai niƙa yana aiki da kunne da hanci da ɗan yatsa: ya ji sauti, ya shinshini ƙauri, ya murza gari.

Da yamma na kira Inna na ba ta labari. Na ce mata lokaci-lokaci sai sun ɗaga dutsen sama, sun kife shi, sun bi kwarin nan da ƙarfe mai kaifi suna sabunta shi, aikin kwanaki. Ta ce, “Kai ɗan nan, ai ƙoda ke nan. Ka manta maƙodina?” Wallahi na manta kalmar, sai da ta faɗa ta dawo mini da sautinta, ƙwas-ƙwas a tsakar gida in dutse ya yi santsi ya daina ci. Na ce, “Inna, ashe su ma suna ƙoda dutse.” Ta ce dutse ai dutse ne ko a ina. Ta kuma tambaye ni wa ke yi musu tankaɗe. Na ce inji ne, wani dogon abu mai juyawa da aka lulluɓe da ƙyalle, saƙa mai laushi a farko, mai faɗi a ƙarshe, gari mafi laushi ya fara zuba, sai mai bi masa, sai tsaki, dusa ta fita ta ƙarshe. Ta yi shiru kaɗan, ta ce matan can sun huta. Ban ba ta amsa ba, domin na fara ganin abin da ke cikin takardu.

A rubutuna zan yi amfani da ƙoda da maƙodi da tsaki da mazurari. Ba na bukatar aron kalma a nan.

Asabar, 8 ga Yuni

Gwajin ruwa na farko, bai yi ba.

Wilin ya haɗu, aljihuna 24, yana juyawa sumul in ka tura shi da hannu. Muka ɗora shi a kan baho, na kunna fanfo. Ruwan ya fito da ƙarfi ta tiyo, ya buga katako ya tarwatse, rabi a ƙasa rabi a rigata. Wili ya yi rabin juyi ya tsaya. Na rage ƙarfi, sai ruwan ya kasa kaiwa sama. Alhaji ya ce ruwa ba bugu ake so ya yi ba, zama ake so ya yi a cikin aljihu, dole a yi masa tafki a sama da kwararo mai faɗi, ya zo a natse.

Na dawo gida da dare na buɗe abin da na tara a kan ruwan Dogue Run, sai na ga matsalar da ta tsayar da ni a gareji ita ce ta dami wannan inji tun ranar farko har ƙarshensa. Dogue Run ƙaramin rafi ne, ƙasar wurin kuma shimfiɗaɗɗiya. Kafin ruwa ya samu tsayin da zai faɗo kan wili mai ƙafa 16, sai an datse rafin can sama, a haƙa masa hanya ta dabam mai tsawon fiye da mil guda, wadda ke tafiya kusan a kwance yayin da rafin ke gangarawa, har a iso bakin inji ruwan hanyar yana sama, na rafin yana ƙasa. Ko da aka yi haka ruwan bai isa ba. A 1771, shekarar da aka fara niƙa, sai da aka karkato wani rafin, Piney Branch, aka zuba shi cikin Dogue Run. Duk da haka da bazara ruwa kan ja baya inji ya tsaya, da hunturu ya daskare, in an yi ruwa mai ƙarfi kuma gaɓar hanyar ta fashe. Sau da yawa abin da inji ke samu na aiki bai wuce rabin shekara ba. A shekarun 1790, Washington yana shugaban ƙasa, har yanzu wasiƙunsa zuwa ga masu kula da gona cike suke da maganar hanyar ruwan nan, har aka shiga haƙa sabuwa.

Ana cewa injin na iya fitar da fam 5,000 zuwa 8,000 na gari a rana, wato kusan buhu 45 zuwa 73 na kilo 50. Lissafin daidai ne, amma na ranar da ruwa ya cika ne. Kuma ruwan ba da kansa yake zuwa ba. Wasu ne suka haƙa ramin da shebur, wasu ne ke shiga laka su toshe in ya fashe, su yashe in ya cushe, su fasa ƙanƙara. An ɗauki 'yan ƙwadago a wasu lokuta, amma mafi yawan wannan aiki bayi ne suka yi shi. Baƙo yana shiga ginin ya ga wili, ya ga haƙora, ya ga dutse, ya fita yana yaba hikima. Ramin da ya ci ƙarfin mutane ba ya cikin ginin, unguwanni da tituna sun mamaye yankin da ya bi.

Na yanke shawara babi mafi tsawo a rubutuna zai zama na ruwa.

Asabar, 6 ga Yuli

An yi Babbar Sallah, an yi baƙi, aiki ya kwanta wata guda. Yau mun ƙera tafkin sama da tsohuwar robar ajiye kaya, da kwararo na katako mai faɗin wilin, da 'yar ƙofa mai zamewa. Fanfo ya cika tafki, tafki ya ba kwararo. Wili ya juya. Bai yi gudu ba, amma bai tsaya ba, minti 20 cur muna kallo. Alhaji ya ce alhamdu lillahi, ni ma na ce.

Yanzu Oliver Evans. Mutumin Delaware ne, an haife shi a 1755. A injinan zamaninsa, tsakanin shigar hatsi da fitar fulawa mutane ne ke ɗauka a kafaɗa: a hau da buhu sama, a zuba, a kwashe garin da ya fito daga dutse da ɗumi da danshi, a sake hawa da shi, a baza a ƙasa, yaro ya bi shi da manjagara har ya huce, sannan a tura wa tankaɗe. Evans ya ce wilin da ke juya dutse ai zai iya yin duk wannan. Ya haɗa bel mai ƙananan kofuna da ke hawa da hatsi ko gari, da wata sanda mai murɗe a cikin kwararo da ke tura shi a kwance, da manjagara mai juya kanta a hawa na sama, tana baza gari tana janyo shi sannu a hankali zuwa ramin tsakiya. Wannan manjagara ya bar mata sunan yaron da ta karɓe wa aiki, yaron mazurari.

A 1790 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar fasaha, ta uku da aka taɓa bayarwa a ƙasar, kuma Washington da kansa ya sa hannu a matsayin shugaban ƙasa. A 1791 ya sayi izini aka kafa tsarin a Dogue Run. A 1795 Evans ya fitar da littafin jagora ga masu gina inji, wanda aka yi ta sake bugawa shekaru da dama.

Na ga tsarin yana aiki, kuma abin a yaba ne da gaske. Alkama ta shiga ta gefe guda, ba hannun da ya taɓa ta har ta zama fulawa a bakin ganga. Amma na lura da abu biyu. Duk wani bel da aka ƙara, daga ruwan nan dai yake cin ƙarfinsa, Evans bai ƙara wa rafin ko ɗigo ba. Sannan hannun da injin ya sauƙaƙa wa aiki a cikin gini bai koma gida ya huta ba, domin ba nasa ba ne. Gona na jira.

A samfurina bel ɗaya kawai zan yi. Ƙarfin wilin ba zai ɗauki fiye da haka ba.

Lahadi, 28 ga Yuli

Mako uku ina cikin sunaye.

Turawan da suka riƙe injin an san su. William Roberts, wanda aka ɗauko a 1770, gwani ne wanda Washington ya yarda da aikinsa, amma shaye-shaye ya sa aka rabu da shi a 1785. Joseph Davenport ya gaje shi har rasuwarsa a 1796. Waɗannan suna da albashi da gida a gefen inji.

A 1799, watanni kafin mutuwarsa, Washington ya rubuta jerin bayin da ke Mount Vernon. Mutum 317. A ciki akwai Ben, mai niƙa. Akwai Tom da Moses da Jacob, maƙeran ganga, waɗanda kowace fulawa da ta tsallaka teku a cikin aikin hannunsu ta tafi. Suna ɗaya-ɗaya, da sana'a a gefe. Na karanta sunayen da ƙarfi a ɗaki ni kaɗai, domin na ga ya kamata wani ya furta su.

Garin masarar da duwatsun Jamus ke niƙawa shi ne abincinsu. Rabon babban mutum a rana kwat 1 na gari, kusan lita guda, da ɗan kifi mai gishiri. Su suka shuka masarar, su suka girbe, su suka haƙa hanyar ruwan da ke juya dutsen, sannan a auna musu. A 1793 aka sauya yadda ake awon, daga garin da ba a tankaɗe ba zuwa tankaɗaɗɗe a ma'aunin da aka share bakinsa. Koke ya tashi har ya kai kunnen Washington. Davy Gray, bawa ne da ke kula da gandun Muddy Hole, ya shaida masa cewa abin ba ya isar mutanensa, har akan yi kwana ɗaya ko biyu babu abin kai wa baki. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo ya san bambancin mudu mai tozo da mudun da aka shafe. Wannan bambanci shi ne tsakanin ƙoshi da yunwa a wurinsu, a gonar da ke fitar da fulawa zuwa Turai.

Na tuna maganar Inna cewa matan can sun huta. Gaskiya ne ba su durƙusa a kan dutse ba. A gandayen Washington mata ne suka fi yawa cikin masu aikin gona, da fartanya a hannu daga fitowar rana zuwa faɗuwarta.

Wani suna ya tsayar da ni dabam: Sambo Anderson, kafinta. A Afirka aka haife shi, yana da tsage a fuska. Sambo suna ne da muka tashi muna ji a tsakanin Fulani da Hausawa, a unguwarmu ma akwai. Yana cikin waɗanda wasiyyar Washington ta 'yanta, aka sake su a farkon 1801. Matarsa da 'ya'yansa kuwa suna cikin bayin gadon gidan Custis, dangin mijin farko na Martha, matar Washington, su 153, waɗanda wasiyyar ba ta da iko a kansu. Ya zauna kusa da wurin yana farauta yana sayarwa, ya rasu a 1845. A wani jeri na 1774 kuma akwai mata biyu masu suna da aka rubuta Fatimer, babba da ƙarama. Kunnen Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Babbar 'yata ta shigo ta same ni zaune shiru, ta ce, “Abba, lafiya?” Na nuna mata takardar. Ta karanta, ta ce a rubuta sunayen a jikin samfurin. Na amince.

Asabar, 17 ga Agusta

Katakon wili ya sha ruwa ya kumbura, yana gugar gefe. Mun kwance, mun shanya, mun shafa masa fenti mai hana ruwa sau uku. Mako biyu sun tafi a nan.

A gefen injin a wancan zamani akwai gidan dafa barasa. James Anderson, ɗan Scotland mai kula da gonar, shi ya kawo shawarar a 1797. Tukwane biyar na tagulla, bayi shida, kusan galan 11,000 a 1799, ya ƙone a 1814. Zan ba shi sakin layi ɗaya, domin injin ne ke niƙa masa hatsi kuma daga hanyar ruwan nan ɗaya yake sha. Wani baki ne aka ƙara a kan ƙwaryar da ba ta cika ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Babin ƙarshe na tarihin ya kusa kammala. Washington ya rasu ran 14 ga Disamba, 1799. Ya bar injin da filin da ke kewaye ga ɗan 'yar'uwarsa Lawrence Lewis, mijin Nelly Custis jikar Martha, waɗanda suka gina gidan Woodlawn a kan tudun da ke kallon wurin. Injin ya ci gaba a hannun 'yan haya yana lalacewa. A 1846 wasu iyalai Kiristoci 'yan ɗariƙar Kweka daga arewacin Amurka suka sayi filin Woodlawn, da niyyar nuna cewa ana iya noma a Virginia ba da bayi ba. Wajen 1850 aka rushe ginin, aka kwashe duwatsun bangonsa aka yi wasu gine-gine da su.

Saboda haka ginin da nake shiga ba shi ne na 1771 ba, kuma zan faɗi wannan tun a shafin farko. Jihar Virginia ce ta tono harsashin a 1932, shekara 200 da haihuwar Washington, ta sake ginawa a kansa a 1933, da kayan ciki da aka ciro daga wani tsohon inji kusa da Front Royal. Ƙungiyar matan da ke riƙe da Mount Vernon ta shiga gyaransa a 1997, aka buɗe shi yana niƙa a 2002. Masu gyaran sun yi aiki mai kyau, na ga hannun gwanaye a kowane haƙori na itace.

A gareji kuma mun zuba duwatsunmu da siminti da yashi mai kaushi, inci 4 kowanne. Na sassaƙa kwarin da ƙusa kafin su bushe sarai. Haƙoran wili na biyu sun ba mu wahala, Alhaji ya sake yanka su sau biyu kafin su shiga juna ba tare da cijewa ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun kai samfurin makaranta. Yara 14, iyaye kaɗan. Na cika tafki, na ba wani ƙaramin yaro ya ja ƙofa. Ruwa ya zubo, wili ya juya, haƙora suka kama, dutse ya fara zagayawa. Suka yi ihu.

Sai na zuba gero a mazurari, cokali ɗaya. Dutse ya yi juyi biyu ya tsaya, wili ya tsaya, ruwa ya cika aljihuna ya malale. Na ɗaga dutsen kaɗan, ya tashi, amma geron ya fito kusan yadda ya shiga. Na sauke, ya sake tsayawa. Da muka gwada da geron da aka riga aka ɓarza, ya fitar da ɗan gari da bai cika tafin hannu ba, yara suka bi layi suna murzawa da yatsa. Wata yarinya ta ce, “Malam, a ƙara ruwa mana.” Na ce mata abin da mai wurin ya yi shekara kusan 30 yana nema ke nan. Daga nan na ba su labarin ramin da waɗanda suka haƙa shi, 'yata ta karanta sunayen da ta rubuta a jikin kwararo: Ben, Tom, Moses, Jacob, Davy, Sambo, Fatima.

Inda aiki ya tsaya: rubutu ya kai shafi 31, babin ruwa yana bukatar taswira, kuma ina so in taka abin da zan iya takawa na gefen rafin kafin sanyi ya shigo. Wurin yana rufewa a ƙarshen wannan wata sai Afrilu, don haka Asabar mai zuwa zan koma in sake auna yadda kwararo ke haɗuwa da wili. Alhaji ya ce mu faɗaɗa wilin da inci 2, mu sayi fanfo mafi girma, mu rage nauyin dutsen sama. Bel mai kofuna ba mu fara ba. Inna ta ce in aiko mata da bidiyo, kuma ta sa a nemo tsohon maƙodinta a bayan rumbu, in an samu za a ba wani mai zuwa a watan Disamba ya kawo mini.